Kwana Uku A Ikko, Ina Bin Sawun Shuni

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Legas ba. Sari na je, kamar yadda na saba duk bayan wata uku ko huɗu, in haɗa dilolin atamfa da leshi in ɗora a mota in juyo Kantin Kwari. Wannan karon sai kaya suka maƙale. Mutumin da nake saye a hannunsa ya ce kwantenarsa ba ta fito daga tashar jiragen ruwa ba, in ba shi kwana biyu. Kowa kuwa ya san kwana biyun ɗan kasuwa. Na koma Agege gidan kawuna na zauna ina ƙirga motocin danfo ta taga.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Tun yana saurayi ya baro Kura ya faɗa fataucin goro, Agege ta riƙe shi har ya yi furfura. Ɗansa na uku, wanda a nan aka binne cibiyarsa, Yarbanci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, yana karatun zane a kwalejin fasaha ta Yaba, karatun da har gobe uban bai ga inda ya dosa ba. Da yake abokin wasana ne, bai raga mini ba.

"Yaya, shekara nawa kana zuwa garin nan? Ban da tasha da shagon dila da masallaci, me ka sani? Bakano ko Makka ya je, farashin dabino zai fara tambaya."

Ya ce zai kai ni gidajen da ake baje kolin zane-zane. Kawu na kishingiɗe a tabarma yana jan carbi, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yanzu kai da girmanka za ka bi yaron nan kallon gumaka?" Na ce, "Kawu, zaman ne ya ishe ni." Amma na kafa wa yaron sharaɗi: kasuwa za mu fara zuwa, don idona ya fi sabawa da ita.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Mil 12. Wanda bai taɓa zuwa ba, in ya runtse ido zai rantse a 'Yankaba yake. Hausa ake yi ta ko'ina, ta Kano da ta Katsina da ta Sakkwato, sai tsilli-tsillin Yarbanci daga matan da suka zo sari. Manyan motoci sun kwana a hanya, sun ci tafiyar kusan kilomita 1,000, ana sauke kwandunan tumatir da buhunan tattasai da attaruhu, ga albasa tuli guda, ga dankalin Jos, ga doyar Binuwai. 'Yan dako suna gudu da kaya a ka suna "hanya, hanya", dillali na tsaye da ɗan littafi yana lissafin la'adarsa. Ƙasan wurin caɓi ne, kada ka je da takalmin Juma'a. Na tambayi wani ɗan gwari daga ina tumatirinsa, ya ce Kadawa. Na ce ashe na gida ne. Yankin Kura, wanda a da rini ya fitar da sunansa har cikin Sahara, yanzu da shinkafa da tumatir aka fi saninsa, tun da ruwan Tiga ya iso gonaki. Muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka hau doguwar bas ɗin BRT da ke tashi daga nan ta bi titin Ikorodu ta haye gada zuwa tsibiri.

Balogun kam ba baƙuwata ba ce, sai dai ban taɓa shigarta ba tare da lissafi a kaina ba. Kasuwar ba ta da ƙofa, ba ta da katanga. Tituna ne suka zama kasuwa, benaye suka zama rumfuna tun daga ƙasa har sama, atamfa na reto ta tagogi. Ranar da babu kuɗin sari a aljihuna sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, wato yadda matan nan ke jera yadi. Ba a ajiye ja kusa da ja. Mai shago za ta sa ruwan goro tsakanin shuɗi biyu, ta ɗora leshi fari a sama, ido ya tsaya ko bai yi niyya ba. Ɗan kawu ya ce abin da ake koya musu ke nan a aji ana ba su maki. Na ce to matar nan ta wuce malaminku.

Azahar ta same mu a titin Martins, muka shiga masallacin Shitta-Bey. Ƙaramin masallaci ne da benayen kasuwa suka matse ta kowane gefe, amma fuskarsa ba irin tamu ba ce, ba kuma irin ta Larabawa ba. Ginin 'yan Birazil ne, wato bayin da aka 'yanta suka dawo Ikko da sana'ar gini a hannunsu. Attajiri Muhammadu Shitta ya gina shi da kuɗinsa, aka buɗe a 1894, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya aiko masa da sarautar Bey, har gwamnan Turawa na lokacin ya halarci buɗewar. Na zauna bayan sallama ina lissafi: shekara tara ke nan kafin sojan Bature su fasa ganuwar Kano. Mu kan yi maganar Ikko kamar garin da jiya ya ga Musulunci.

Washegari muka nufi Onikan. Muka sauka a dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila a 1960, da fararen dawakai na siminti sun yi tsaye a saman ƙofarsa. Taku kaɗan daga nan gidan tarihi na ƙasa yake, wanda aka buɗe a 1957. Tun daga bangon waje wani dogon mutum-mutumin tagulla, aikin mai sassaƙa Ben Enwonwu, ke tarar baƙo, mace siririya ta miƙe kamar za ta tashi sama.

Ba zan ɓoye ba, da na shiga ɗakin da aka jera kawuna da dodannin katako sai na ji jikina bai sake ba, maganar Kawu ta dawo mini. Yaron ya lura. Ya ce, "Yaya, ba bauta muka zo yi ba. Hannun mutanen da muka zo gani." Ya tsayar da ni gaban kayan Nok, kawunan yumɓu da aka gasa sama da shekara 2,000 da suka wuce, a ƙasar da yau take kudancin Kaduna. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. Wani kan da aka samu a Jama'a, kafin a gane darajarsa a 1943, kafa shi aka yi a gonar doya yana korar tsuntsaye. Na dubi kitson da aka yi wa ɗaya, layi bayan layi, da hujin ido da na hanci da aka bari don kada yumɓun ya fashe a wuta. Wanda ya yi wannan ya san wuta, ya san ƙasa. Na kalle shi yadda mutum ke kallon kufai, na wuce.

Inda ƙafata ta kafe shi ne gaban baƙar Marsandi. A cikinta aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed ranar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan, ba jiniya, ba ayarin motoci. Hujin harsasai na nan a jikinta. Ba a haife ni ba lokacin, amma a shagon mahaifina na tashi ina ganin hoton Murtala a saman ma'ajiyar kuɗi, kuma Baba bai taɓa faɗin sunansa bai ce "Allah ya ji ƙan maza" ba. Wata shida da 'yan kwanaki kawai ya yi yana mulki. Abin da ya ba ni mamaki ƙanƙantar motar. A labarin Baba ta kai girman gida.

Muna fita na laluba aljihu na zaro naira ashirin, wadda a lokacin ko ruwan leda da ƙyar take saye, ina duban fuskar Janar. Ɗan kawu ya karɓa ya juya bayanta. "Wannan fa, wace ce?" Mace ce zaune tana ginin tukunya. Na riƙe takardar nan sau dubbai ban taɓa tambaya ba. Ya ce Ladi Kwali ke nan, Bagwariya, maginiyar tukwane da ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, aka riƙa kai ta Ingila da Amurka tana nuna aikinta. Na ce rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Sauran wuraren na yankin a gurguje muka bi su. Tsallaken titi akwai sabuwar cibiyar John Randle ta tarihin Yarbawa. A titin Broad akwai tsohon kurkukun Turawa, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Awolowo, wanda tun 2010 aka mai da shi wurin shaƙatawa, aka bar alamar ɗakunan fursuna don mutum ya ga ƙuncinsu. A Terra Kulture da ke Victoria Island muka leƙa ɗakin zane da kantin littattafai, na duba farashin abinci na ce wa yaron mu haƙura sai Obalende, inda tsire yake na mutanenmu.

Rana ta uku ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Muka bi gadar Third Mainland, kilomita kusan 12 a kan ruwa, gidajen katakon Makoko na ƙarƙashinmu cikin hayaƙi, muka shiga cunkoson titin Lekki har na fara nadama. Gidan zanen Nike farin bene ne mai hawa biyar, an buɗe shi a 2009, kuma ba a biyan ko kwabo a ƙofa. Tun daga tsakar gida dabbobin da aka ƙera da tsofaffin ƙarafa ke tsaye. Ciki kuwa ba bangon da aka bari fili. Daga ƙasa har rufi zane ne, a jikin matakala zane ne, wasu an jingine su a ƙasa don ba wurin ratayewa. Dubbai ne. Hawa na biyu ido ya fara gajiya, sai mutum ya koyi wucewa ya bar abin da ya kira shi ya tsayar da shi.

Mai gidan, Nike Davies-Okundaye, 'yar Ogidi ce ta jihar Kogi, haihuwar 1951. Ba jami'a ta koyi sana'ar ba, a hannun tsofaffin gidansu ta koyi saƙa da rini. Ta buɗe cibiya a Oshogbo a 1983 tana koyar da mata da matasa kyauta, kuma rinin nan na Yarbawa da suke kira adire shi ya kai sunanta duniya.

Ina hawa wani bene, kafin idona ya gani hancina ya ji. Warin baba. Duk wanda ya tashi kusa da karofi ba ya manta shi. An rataye zannuwan adire, shuɗi mai duhu da zanen tsuntsaye da ganyaye da layuka cikin murabba'i. Wata ma'aikaciyar gidan ta yi mana bayani da Yarbanci, yaron na fassara mini. Iri uku ne. Akwai wanda ake ɗaurewa da zaren kaba, akwai wanda ake ɗinkewa da allura kafin a tsoma, sai wanda ake zanawa da kullun rogo, a tsoma gashin kaza a ciki a yi rubutu a kan farin yadi, in ya bushe a rina, inda kullun ya taɓa ya ƙi kamawa. Su mata ne ke rini, a cikin manyan tukwane. Mu maza ne, a cikin rami.

Nan na karɓe bayanin daga hannun yaron, don wannan ajin nawa ne. Kakanmu, mahaifin Kawu, marini ne a Kura. Ina yaro in aka kai mu hutu nakan tsuguna a bakin raminsa, wanda zurfinsa ya fi tsayin mutum. A zuba ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da muciya har kumfa ta taso. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in aka ɗago zane daga ramin kore yake fitowa, sai ya sha iska yake komawa shuɗi a gaban idonka. A mayar, a ɗago, a mayar, har sai ya yi baƙi. Daga nan a kai wa mabuga su barbaɗa shuni su yi ta bugu a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Shi ne turkuɗin da Buzaye ke zuwa saye tun daga Agadas don naɗa rawani. Kakan yakan ce kalmar "masu hannu da shuni" daga nan ta fito, don mai hali ne kaɗai ke iya sa irin wannan tufa har ta ɓata masa hannu. Sai ya ɗaga nasa hannuwan, da suka rine har gwiwa ba sa wankuwa, ya yi dariya. Ya rasu bai bar komai ba sai rami biyu. Zuwana na ƙarshe na tarar an cike su da shara.

Ga shi nan a Lekki, launin nan dai, an rataye shi a farin bango an haska masa fitila, masu hannu da shunin zamani suna tsaye gabansa da ƙaramar murya. Na leƙa farashin wani na ja da baya a hankali.

Yaron ya nuna mini wani zane da shuɗi ya rinjaye shi, ya ce salon Yusuf Grillo mai shi ya bi, tsohon shugaban sashensu a Yaba. Ya ƙara da cewa Grillo da Bruce Onobrakpeya da Uche Okeke da Demas Nwoko duk a Zariya suka yi karatu, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a can suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon zanen Bature ba alhali ga na iyayensu. A Zariya aka dafa, a Ikko aka ci.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Duk inda na ga Arewa a bango, a nan da sauran gidajen, ko dai mahaya ne a hawan sallah da rawani da algaita, ko 'yar Fulani da ƙwaryar nono. Zanen sun yi kyau, dawakan kamar su yi haniniya. Amma kai ka ce ba ma komai sai sukuwa da tallar fura. Ban ga laifin masu zanen ba, abin da suka hango daga nesa suka zana. Mu da ke ciki mun ce zane aikin banza ne. Alhali ga aska takwas a wuyan babbar riga, ga dagi a fuskar soro a Zariya, ga zayyanar allon sauka, ga faifai, ga sassaƙar ƙwarya, ba gunki ko ɗaya a cikinsu da malam zai yi magana. Sai dai mu ba ma kiran su komai. In ƙwarya ta tsage mu yar, mu sayi roba.

Da la'asar muka ƙarasa kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, wadda aka fi sani da Jakande, a bayan babban titi. Lunguna ne matsattsu, rumfa na jingine da rumfa: dodannin katako, kayan tagulla, tsakiya kala-kala, kwanduna, zanen da aka naɗe kamar tabarma. Turawa biyu-uku suna yawo da 'yan rakiya. Ban yi taku ashirin ba na ji "Sannu da zuwa, Alhaji." Rumfuna da dama na mutanenmu ne, da 'yan Nijar da 'yan Mali. Ga tumtum na fata, ga jakunkuna da takalma na jar fatar akuyar Sakkwato, wadda a da ake ketare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Na ɗaga wata jaka, na san ɗinkin, a Kurmi zan same ta ba wahala. Na tambayi kuɗi da Turanci don in gwada. Saurayin ya faɗi abin da ya kai ninki biyar na Kano. Na dube shi na ce, "Kai, ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah." Ya fashe da dariya ya ce, "Alhaji, ai ba ka yi sallama ba. Wancan kuɗin masu jan kunne ne." Ban ga laifinsa ba. Haya a Lekki ba wasa ba ce, kuma wanda ya ɗauko jakar ya kai ta inda ake ganin darajarta shi ma aiki ya yi.

A can ƙarshen wani lungu na tarar da wani dattijo Buzu zaune kan buzunsa, gabansa azurfar Agadas da wuƙaƙe masu kube. A gefe na hango wani ɗan ƙunshi a takardar siminti, gefen takardar ya yi shuɗi. Gabana ya faɗi.

"Baba, mene ne wancan?"

Ya kwance a hankali. Turkuɗi ne, an linke shi siriri, yana ƙyalli. Ya ce ba kasafai ake tambayarsa ba, 'yan'uwansa masu gadi yake ajiye wa saboda sallah. Na ce na ina ne? Ya ce, "Ɗan Kura ne." Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce albarka. Na yi kamar zan tafi, dabarar da nake yi wa wasu dariya in sun yi mini ita a Kwari, bai ko motsa ba. Na dawo da kaina na biya. Ɗan kawu na gefe yana ƙunshe dariya, wai yau ya ga an yi wa Bakano aski ba ruwa.

Sai bayan isha muka isa Agege. Kawu na nan a tabarmarsa. "To, 'yan kallon gumaka, an dawo?" Ban ce komai ba na ajiye ƙunshin a gabansa. Ya kwance, ya ja fitila kusa. Ya daɗe bai yi magana ba. Ya kai hanci ya shinshina, ya murza gefen da babban yatsa, ya ɗaga yatsan yana duban shunin da ya kama shi.

"Bugun bai kai na Baffa ba," ya ce. Ya sake linke shi yadda yake, ya tura ƙarƙashin matashinsa. "Nawa ka saya?"

Na faɗi rabin kuɗin.

"An cuce ka."

Da sassafe waya ta shigo, kwantena ta fito.